Ziyarar 'ya'yanmu a filin mishan: tambayoyin da iyaye ke yi mini da amsoshinsu

Tun da na fara zuwa Nijar, inda ɗana na biyu da matarsa suke aikin bishara shekara shida ke nan, da wuya a tashi daga taron Zumuntar Mata wata ba ta ja ni gefe ba. Wannan ɗanta yana Chadi, waccan 'yarta ta bi miji Gambiya, wani dattijo daga Billiri kuma ɗansa yana hidima a Ingila. Ni malamar makaranta ce mai ritaya, 'yar Kaltungo, ina zaune a Gombe. Sau uku na je, na farko ni kaɗai, biyu tare da maigida. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a nan domin wanda ba mu haɗu ba ma ya amfana.

Ya dace mu je, ko mu bar su da aikin Ubangiji?

Ya dace ƙwarai. Hannatu ta miƙa Sama'ila ga Ubangiji tun yana ƙarami, amma kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa Shilo, kamar yadda 1 Sama'ila 2:19 ya nuna. Bayar da shi bai sa ta daina zama uwarsa ba. Sai dai a lura da abu ɗaya: rigar take kaiwa ta juyo, ba ta taɓa kama hannunsa ta ce su koma Rama ba.

Mu 'yan ƙasar Tangale mun san cewa bishara ta iso Kaltungo a 1917 ta hannun 'ya'yan wasu iyaye da suka haƙura da su. Kafin nan, cikin samari uku na farko da suka sauka Legas a 1893, waɗanda aikinsu ya zama ƙungiyar mishan ta SIM, biyu sun rasu a 1894: Thomas Kent a Bida, Walter Gowans a Girku. Abin da ya koma wa mahaifiyar Gowans a Kanada 'yan kayansa ne kawai. Yau, bayan da EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ikilisiyar ECWA, ta kafu a 1948 har namu suka zama masu aikawa, mu ne a matsayin waɗancan iyaye. Amma mu Allah ya ba mu mota da jirgi da waya. Wanda yake da hali da lafiya, ya je.

Wa za mu fara gaya wa?

Ɗanku, sannan ofishin mishan ɗin da ya aike shi. Kada ku yi masa zuwan ba-zata, ko da niyyar faranta masa rai ne. Baƙon da ba sallama mugu ne, in ji Hausawa, a filin mishan kuwa maganar ta fi ƙarfin karin magana, domin akwai wuraren da sai an sanar da mai gari ko jandarmomi kafin baƙo ya kwana.

Akwai kuma yadda ake tambayar. Yaron da ya tashi a gidajenmu ba zai iya ce wa mahaifiyarsa "kada ki zo" ba, ko da zuwan zai karya shi. In kin ce, "Ina zuwa watan gobe," zai ce, "To Mama, Allah ya kawo ki lafiya," ya kwana yana juyi. Ki ce masa, "Cikin shekarar nan, wane wata ne ya fi muku sauƙi? In babu, mu bar shi baɗi." Ki kuma kira surukarki ita kaɗai ki ji ta bakinta, domin girki da ɗebo ruwa da gyaran ɗaki a kanta za su sauka.

Wane lokaci ya fi?

Ba shekarar farko ba. A lokacin suna koyon harshe da halin mutane, zuciyarsu rabi tana gida. Ganin uwa yakan tayar da kewar da ta fara kwanciya. Kirsimeti da Ista ma ba na ba da shawara, aiki ya yi musu yawa. A Nijar da Chadi, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne. Da damina hanyoyin ƙauye kan yanke. Nuwamba, ko Janairu bayan an gama hidimar sabuwar shekara, su ne suka fi yi mini daɗi. A tafi da bargo da man shafawa saboda hunturu.

Waɗanne takardu ake bukata?

Fasfo ne kan gaba, kuma yanzu sai da lambar NIN ake yin sa. A duba tun da wuri cewa suna da ranar haihuwa sun yi daidai a takardun biyu, domin a nan tsofaffi da yawa suke maƙalewa. Ƙasashe da dama suna so ya zama saura aƙalla wata 6 kafin fasfon ya ƙare.

Na biyu, katin allurar shawara, wanda mutane ke kira yalo kad. Sai bayan kwana 10 da yin allurar katin yake fara aiki, saboda haka kada a bari sai ana jibi tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rai. Wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yi ba, ya fara ganin likita kafin a yi masa.

Ƙasashen ECOWAS irin su Gana, Benin, Togo da Gambiya ba sa neman biza daga ɗan Najeriya don zaman da bai wuce kwana 90 ba. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, Chadi da Kamaru kuwa dama ba sa ciki. Don haka kada a dogara da yadda wani ya wuce shekarun baya. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 iyaka ta yi watanni a rufe, iyalai da yawa suka rabu ba shiri. A tambayi ofishin mishan halin da ake ciki a makon da za a tashi, a kuma karɓi wasiƙar gayyata mai ɗauke da lambar wayar wanda zai tare ku.

Mu ta Dukku da Darazo muke bi zuwa Kano, mu kwana, washegari mu kama hanyar iyaka. Ba ma tafiyar dare ko kaɗan, kuma hanyar da yaron ya ce a bi ita muke bi, ko da ta fi nisa.

Wa zai biya kuɗin tafiya?

Ku. Na faɗa kai tsaye domin a nan ne muka fi cutar da yaranmu ba da saninmu ba.

Mun saba cewa yaro in ya girma ya kama aiki, shi ke ɗaukar iyaye. Haka ne, kuma umarnin girmama iyaye bai tashi ba. Amma kuɗin da ɗan mishan yake samu ba albashin gwamnati ba ne. Baiko ne da gudummawar ikilisiyoyi, wani daga hannun gwauruwar da ta sayar da mudun wake. Wani watan ya zo, wani watan ya makara. Naira kuma in aka canza ta zuwa sefa sai ta narke a hannu.

A zuwana na farko, ranar da na sauka surukata ta kawo mini tuwon gero da miyar kaza. Na ci na ƙoshi, na sa albarka. Da safe na ga jikana ya tsuguna a bakin akurki yana leƙawa, ya juyo ya ce, "Kaka, wadda take ba mu ƙwai ba ta nan." Kaza ɗaya ce mai ƙwai a gidan, da ƙwanta ake haɗa wa yara karin kumallo. Na shiga ɗaki na zauna shiru. Tun daga ranar, kafin in tashi daga Gombe nakan aika kuɗin cefanen kwanakin da zan yi, in ce wa surukata, "'Yata, wannan na abincina ne, ba na jin musu."

Ku yi lissafin kuɗin mota zuwa da dawowa, na takardu, na abinci, da wani abu na ko-ta-kwana don asibiti. In 'yan'uwansa da ke aiki a gida za su haɗa hannu, madalla, wannan ma hidima ce. A sani kuma sefa iri biyu ce: ta Nijar, Benin da Togo daban, ta Chadi da Kamaru daban, ba a cin kasuwa da ɗaya a ƙasar ɗaya. A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, don haka in mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi.

Kwana nawa za mu yi?

Kwana 10 zuwa mako biyu. Baƙo raɓa ne. Sai fa in haihuwa aka yi kuma su da kansu suka roƙi ki zauna wankan jego.

Wace tsaraba za mu kai?

Ku tambaye su, za ku yi mamakin amsar. Ni na ɗauka atamfa za su so, sai suka ce littattafan karatun yara na Turanci, littafin waƙoƙin sujada, batirin fitila mai aiki da hasken rana, da manja. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji ba sa ɓaci a hanya, kuma ƙamshin miyar gida yana yi wa mai kewa magani. Ku ƙara 'yar tsaraba ta maƙwabta, ko sabulu ko goro, a ba surukarku ta raba da hannunta.

Masu hawa jirgi zuwa Turai ko Amurka su bar kilishi da dambun nama a gida, ƙwacewa ake yi a filin jirgi, wani lokaci har da tara. Kuma kada ku karɓi ƙullin saƙon da ba ku buɗe kun gani da idonku ba, ko daga hannun ɗan ikilisiya ne.

Ina da hawan jini da ciwon suga, zan iya?

Ki ga likitanki wata guda kafin tafiya. Ki ɗauki maganin da zai ishe ki har da ƙarin mako biyu, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Magunguna irin su tramadol da kodin suna jawo matsala babba a kan iyaka in babu takarda. Mai yin allurar insulin ta tambaya ko akwai firji ko wata hanyar sanyaya ta. Ki tambayi ɗanki asibiti mafi kusa da awa nawa ake yi kafin a kai. A Nijar akwai asibitin mishan na Galmi, wanda SIM ta buɗe a 1950, amma ƙasar tana da faɗi, ba kowane fili ne yake kusa da shi ba. Gidan sauro kuma kowane dare, ruwa sai an tafasa ko an tace.

Me ya sa ba ki faɗi sunan garin da suke ba?

Saboda ba sirrina ba ne. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da yawa a Zinder da Yamai cikin kwana biyu. Yawancin maƙwabtan yaranmu mutanen kirki ne, Musulmi masu riƙon amana, waɗanda suke kawo musu abincin salla, suke tsare musu gida in sun yi tafiya. Amma hoto ɗaya da aka saka a Facebook da rubutu mai zafi zai iya rushe zaman lafiyar da aka yi shekara shida ana ginawa. Wanda ya fi shiga haɗari ma ba ɗanku ba ne, shi yana da gidan komawa. Sabon mai bi ne, wanda watakila iyalinsa ba su riga sun sani ba.

Na taɓa yin wannan kuskuren. Na ɗauki hoton sujadar Lahadi a ƙarƙashin rumfa na tura zauren WhatsApp na matan ikilisiyarmu don su yi addu'a. Kafin yamma ya zaga zaure huɗu. Ɗana ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Mama, don Allah ki roƙe su su goge. Matar da ke bayanki a hoton, mijinta bai san tana zuwa ba." Daren nan ban runtsa ba, ina bin mata ɗaya bayan ɗaya a waya. Allah ya rufa asiri. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izini, kada a saka komai a intanet sai ɗanku ya gani ya yarda.

In na ga suna shan wahala, in ce su dawo gida?

Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin duk sauran, ko da ba a furta ta ba.

Za ki ga wahala. Za ki ga ɗan da kika sayar da akuya kika biya masa makaranta yana zaune a ɗakin ƙasa, yana tura kurar ruwa. Za ki tuna abokan karatunsa da suka gina gidaje a unguwar Tumfure ta Gombe. A zuwana na biyu zazzaɓi ya kama ƙaramar jikata da tsakar dare, jikinta kamar garwashi. Uban ya goya ta da zane a babur, uwar ta hau baya riƙe da tocila, suka nufi ɗakin shan magani mai nisan kusan awa guda. Ni da maigida muka zauna a tabarma muna jin ƙarar babur ɗin tana nisa har ta ɓace. Da suka dawo da asuba, yarinyar ta samu sauƙi, ban jira ya sha ruwa ba na ce, "Ka tattara iyalinka mu koma Gombe. A can ma akwai waɗanda ba su ji bishara ba."

Bai yi mini musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, duk abin da kika gani, ni ma ina ganinsa kullum. In kowa ya ce in dawo zan iya tsayawa, amma in ke kika faɗa, ƙafata sai ta yi sanyi." Nan na gane nauyin bakina. Abin da talauci da zazzaɓi suka kasa yi masa cikin shekaru, kalmata ɗaya ta kusa yi.

A Markus sura 3, dangin Yesu sun fito don su kama shi su mai da shi gida, kuma ƙauna ce ta fito da su. A Fitowa sura 18 kuwa Yetro ya ziyarci surukinsa Musa a jeji. Ya fara sauraron labari, ya yi murna, ya yi sujada, ya zuba ido yini guda yana kallon yadda Musa ke aiki, sannan ya ba da shawarar da ta rage masa kaya, ya koma ƙasarsa. Irin ziyarar Yetro nake roƙon Allah ya koya mana.

Ban ce a rufe ido ba. Wahala daban, lalacewa daban. In kin ga surukarki ta rame tana kuka a ɓoye, ko ɗanki ya daina barci yana fushi ba dalili, ko yara ba sa zuwa makaranta sam, ko an yi watanni ba a aiko musu da tallafi ba, ko ana yi musu barazana a fili, wannan ba abin shiru ba ne. Ki zauna da su biyun ki faɗi abin da kika gani. In kin dawo, da saninsu, ki sami shugabannin mishan ɗin ki gaya musu. Neman a ba su hutu, ko a duba lafiyarsu, ko a sauya musu wuri, ba rashin bangaskiya ba ne.

Wane amfani zuwana zai yi wa aikin, ni da ban iya wa'azi ba?

Fiye da yadda kike zato. A ƙauye, baƙon da ba a san iyayensa ba ana yi masa kallon marar asali, wanda watakila wani laifi ya koro shi daga garinsu. Ranar da ɗana ya kai mu gaida mai gari, tsohon ya dubi furfurar maigida ya ce, "Ashe malamin nan yana da manya." Bayan mun tafi, matan unguwa da ba su taɓa shiga gidan ba suka fara aiko yara tambayar lafiyar Kaka.

Saboda haka aikinku gaisuwa ce. Ku je barka, ku je ta'aziyya, ku zauna a tabarma ku sha fura. Mata su rufe kai su yi shigar mutunci irin ta garin. Kada ku shiga gardamar addini ko ta siyasar ƙasar. Kada ku raba kuɗi ko ku yi alkawarin rijiya da makaranta, domin ku za ku tafi, shi za a riƙa bi bashin alkawarin. Iyayen da suke fastoci ko dattawan ikilisiya su yi haƙuri su zauna a benci. In an ba ku dama ku gai da jama'a, minti biyar ya isa, kuma gyaran wa'azin ɗanku a ɗaki ake yin sa.

Jikokina ba sa jin yarenmu. In ɗauko su su yi karatu a wurina?

Abin yana da ciwo, na sani. Nawa suna cewa lakwal maimakon makaranta, suna ƙirga da Faransanci, Tangale kuwa sai gaisuwa. Na koya musu waƙoƙi biyu da tatsuniya ɗaya, yanzu su suke rera mini a waya. Maganar ɗauko yaro kuwa ta iyayensa ce. In sun kawo ta da kansu, musamman lokacin shiga sakandare, ki buɗe ƙofarki. Kada ki fara yi wa yaron alkawari a bayan idonsu.

Wanda nasa yake Ingila ko Amurka fa?

A can biza ce babbar magana, kuma dokokinta suna yawan canzawa. Bizar ziyara ta Ingila ba ta wuce zaman wata 6 ba, ta ƙasashen Turai na Shengen kwana 90 cikin 180, tare da inshorar lafiya. A faɗi gaskiya a takardu, a guji dillalan da ke cewa za su gyara bayanan banki, a kuma dawo kafin ranar da aka rubuta. Wucewar mako guda kan iya ɓata sunan ɗanku da na ikilisiyar da ta gayyace ku. Ku shirya wa sanyi da kaɗaici, domin da safe kowa zai fita, maƙwabci kuma ba ya leƙowa.

Ba ni da hali ko lafiyar zuwa. Na gaza ke nan?

A'a. Ikilisiyar Filibi ba ta tashi duka ta je wurin Bulus a kurkuku ba, Abafroditus ta aika da saƙo. In wani amintacce zai je, ki ba shi ƙullin daddawa da wasiƙa. Ki sa rana ɗaya a mako ta kiran waya, kuma kada kiran ya zama na lissafin matsalolin gida kaɗai. In sun zo hutu, ki kare su daga yawon gaishe-gaishen da ba ya ƙarewa, su sami ko mako guda na barci.

Me zan faɗa wa ikilisiya in na dawo?

Kafin ki baro su, ki zauna da ɗanki ki tambaye shi abin da za a faɗa a gaban jama'a da abin da za a bari. Ki rubuta buƙatu biyu ko uku na addu'a da bakinsa, ba da sunayen mutane ba. Da na dawo zuwana na uku, Fasto ya ba ni minti goma a sujadar Hausa. Ban ambaci gari ba, ban nuna hoto ba. Na ba da labarin babur ɗin nan da daren zazzaɓi, na ce tayoyinsa sun cinye har zare ya fito. Bayan an tashi, matan Zumunta suka shimfiɗa ɗankwali a bakin ƙofa. Abin da aka tara ya sayi taya biyu, ragowar muka sayi gidan sauro huɗu, direban da ke zuwa Kano ya tafi da su ranar Talata.